Dala Mai Kan Mace da Kasuwar Gwanjon Duniya

A kasuwar Sakabal, ko ta Dakoro, ko kowace kasuwar ƙauye a ƙasar Rumbu ta Nijar, har gobe da dala ake ciniki. Mai goro zai ce dala ashirin yana nufin sefa ɗari, ba kuwa wanda zai tsaya tambayarsa wace dala yake nufi. Amma akwai gidajen da dalar asali take nan ajiye: faffaɗar azurfa mai nauyi, gefe ɗaya kan wata mace mai lulluɓi, ɗaya gefen mikiya mai kai biyu, an buga 1780 a jikinta. Wata an huda ta an zura zare tana wuyan tsohuwa, wata maƙeri ya manna mata kunne ta zama abin ado, wata tana ƙulle cikin tsumma a gindin adaka. Tun da wayar hannu ta fara kawo labarin tsofaffin kuɗin da ake sayarwa miliyoyi a Landan da New York, mai irin wannan azurfa yakan duba shekarar da ke jikinta, ya lissafa ya ga ta haura shekara 240, sai zuciya ta raya masa cewa arziki ne kwance a ɗakinsa. Tarihi bai goyi bayan wannan fata ba. Dalar ba za ta yi tsada a gwanjo ba, kuma abin da ya hana ta tsada shi ne ya mai da ita babbar shaida kan yadda kakanninmu suka yi fatauci, suka yi ajiya, suka tsallake yunwa. Asarar da ake tafkawa a wannan yanki ta labarin da ke tare da ita ce, wanda ke bin kowace dala cikin wutar maƙera ba tare da an rubuta ko layi ɗaya ba.

Ƙasar nan ta san kuɗi tun kafin azurfar Turai ta tako Sahara. A 1353 matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka Takedda, garin da masu bincike ke dangantawa da kufan Azelik a arewacin Ingal, ya tarar ana narka jan ƙarfe ana zuba shi sanduna. Masu kauri guda 400 ne a miskalin zinariya ɗaya, sirara kuwa 600 zuwa 700. Da siraran ake sayen nama da itace, da masu kaurin ake sayen hatsi da man shanu da bayi. Ya kuma ce ana kai wannan ƙarfe Barno da wata ƙasa da ya kira Kubar, wadda yawancin masana suka ɗauka Gobir ce. Can yamma, a Tadmakka da ke arewacin Mali ta yau, al-Bakri ya rubuta a 1068 cewa dinarinsu zinariya ce zalla wadda ba a buga mata kowane rubutu. Shekaru aru-aru babu abin da ya tabbatar da maganarsa, sai a 2005 da masu tonon kufai suka samo ɓallin tukwanen zubi na yumɓu, da ɗigon zinariya maƙale a ramukansu. Abin da ya ba wannan ɓalli daraja shi ne an san inda aka tono shi, a wane zurfi, tare da me. Da wani ne ya tsince shi ya kai kasuwa, da tsingaro ne kawai.

Daga baya wuri ya mamaye ƙasar Hausa. Daga tsibiran Maldives da ke tekun Indiya yake fitowa, ya biyo jiragen ruwa da raƙuma da jakunan fatake har ya iso nan. Heinrich Barth, Bajamushen da ya ratso ta Abzin, ya sauka Tasawa a watan Janairun 1851, a nan ya ga ana ƙirga wuri 500,000 ɗaya bayan ɗaya, mutum biyar ko shida suna taimakawa, domin a ƙasar nan ba a shirya wuri a zare kamar yadda ake yi a bakin teku. Biyar-biyar ake jan sa da yatsu, a tara tsibi-tsibi, masu sarauta kuma su ɗura 20,000 a keso guda. Wuri ya dace da cefanen yau da gobe, har mai sayen ɗan gishiri da daddawa yana da canji. Amma mai son sayen doki, ko madugun da zai tafi Gwanja, ko Balaraben da zai koma Gadamas da ribarsa, nauyin kuɗinsa kaɗai ya isa ya karya shi. Wannan giɓi ne dalar azurfa ta cike.

Macen da ke jikinta ita ce Maria Theresa, wadda ta mulki daular Austiriya daga 1740 zuwa 1780. An fara buga kuɗi da kanta a 1741, aka kuma tsayar masa da ma'aunin da ba ya canzawa: nauyi giram 28 da ɗan ɗori, kashi 833 cikin 1,000 azurfa, wato kusan giram 23 da rabi na azurfa tsantsa. An yi wa bakinta rubutu mai tudu, ta yadda duk wanda ya kankare gefen don ya saci azurfa asirinsa zai tonu. Fataken Larabawa da Turkawa da Habashawa suka yarda da ita, har ta kai ba sa karɓar wata. Da sarauniyar ta rasu a 1780, masu kasuwa ba su so a canza ko ɗigo ba, domin wanda bai iya karatun boko ba da siffa yake gane kuɗi: yakan shafa ƴan duwatsun da ke maɓallin kafaɗarta, in sun goge ya rage farashi. Saboda haka aka ci gaba da buga ta da shekarar 1780, ba a sake ba. Austiriya da kanta ta daina amfani da ita a cikin gida a 1858, amma ba ta daina bugawa don kasuwar waje ba. Sojojin Ingila da suka shiga Habasha a 1868 sai da suka nemi a bugo musu ita, don ba wanda zai sayar musu da abinci da kuɗin sarauniyarsu. A 1935, lokacin da Italiya ke shirin mamaye Habasha, ta karɓi hatiman bugawa daga Austiriya ta shiga bugawa a Rum, daga nan Landan da Paris da Brussels da Bombay su ma suka buga tasu, duk da shekarar 1780. An ƙiyasta cewa tsakanin 1751 da 2000 an buga wajen miliyan 389, kuma har yau ma'aikatar buga kuɗi ta Vienna tana fitar da sababbi. Ke nan dalar da ke wuyan tsohuwa a Rumbu tana iya zama ta zamanin Shehu Ɗanfodiyo, tana iya zama ta zamanin yaƙin Hitila, shekarar da ke jikinta ba za ta raba gardama ba.

Ta Tarabulus ta fi shigowa, ta bi Gadamas da Gat, ta sauka Agadas, ta ratsa Damargu zuwa Damagaram da Tasawa da Katsina da Kano. Abin da ya tafi arewa a madadinta ya haɗa da kirgi da turkuɗi da hauren giwa da gashin jimina, ya kuma haɗa da mutane, domin cinikin bayi na cikin manyan abubuwan da suka jawo wannan azurfa kudu, kuma bai kamata mai ba da tarihinta ya tsallake wannan ba. A Kano Barth ya tarar dala ɗaya wuri 2,500 ce. Amma a daidai lokacin ƴan kasuwar Hamburg sun gano wani irin wuri mai araha a gaɓar Zanzibar, suna jibge shi jirgi-jirgi a Legas da Wida. Wuri ya yi yawa, darajarsa ta zube, kafin ƙarnin ya ƙare dala ta kai wajen 5,000 a Kano. Wanda ya binne tukunyar wuri ya tashi da rabin dukiyarsa, wanda ya ajiye azurfa bai yi asara ba. Wannan darasi ya zauna a zukatan mutane, musamman mata da makiyaya, waɗanda dukiyarsu dole ta zama mai tafiya da ƙafarta ko mai rataya a jiki. Maƙeran fari na Hausawa da maƙeran Abzinawa suka riƙa narka dala suna ƙera mundaye da awarwaro da zobba da abin wuyan nan na Agadas da duniya ta sani. Ado ne a ranar suna da biki, asusu ne a ranar wahala.

Mulkin Turawa bai kashe wannan ɗabi'a ba, ƙara mata ƙarfi ya yi. Ingilishi suka hana shigo da wuri Arewacin Najeriya a 1904, suka kawo anini da kwabo masu huji da sulen azurfa. Faransawa suka ce da kuɗinsu za a biya lanho, wato haraji, kuma babbar tsabarsu ta faran biyar azurfa ce mai giram 25, kusan tsarar ta Maria Theresa, shi ya sa ta gaji sunanta. Bayan yaƙin duniya na farko azurfar Faransa ta ɓace daga kasuwa, takarda ta maye gurbinta, a watan Disamban 1945 aka ƙirƙiro sefa, sunan ya ci gaba da bin lamba biyar har ya sauka kan ƴar ƙaramar rawayar tsabar da ba ta sayen ashana a yau. Mutanen Dakoro sun ga abin da takarda ke iya yi wa mai ita. A watan Afrilun 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyaka ta canza launin naira, masu tsohuwar naira a wannan gefen da dama suka rasa hanyar canji, ga fari ya zo a shekarar, har yunwar ta samu suna El-Buhari. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi cikin dare ɗaya. A farin 1973 da na 1984, bayan shanu sun faɗi a kwarin Tarka da arewacinsa, azurfar mata na cikin abin da aka kai kasuwa aka sayo hatsi. Dalar da ta rage a gida yau ta tsira daga duk waɗannan.

To me masu gwanjo ke saye da suke zuba miliyoyi? Kuɗin da ya fi kowanne tsada a tarihin gwanjo shi ne tsabar zinariya ta dala ashirin da Amurka ta buga a 1933. An buga 445,500, amma kafin a fitar da su Shugaba Roosevelt ya janye zinariya daga hannun jama'a, aka narke kusan dukkansu. Ƴan kaɗan suka sulale ta bayan fage. Ɗaya ta faɗa hannun Sarki Faruk na Masar da takardar izinin fitarwa ta 1944, aka jera ta cikin kayansa da za a yi gwanjo a Alƙahira a 1954, aka janye ta, ta ɓace, ta sake ɓulla a New York a 1996, aka yi shari'a, aka daidaita cewa ita kaɗai ce doka ta yarda wani ya mallaka. A 2002 an saye ta dalar Amurka miliyan 7.59, a watan Yunin 2021 kamfanin Sotheby's ya sayar da ita miliyan 18.9. Zinariyar da ke jikinta giram 30 ce kawai, ko shekara ɗari ba ta yi ba. Dinarin Banu Umayya na shekara ta 105 bayan Hijira, wanda rubutunsa ya ambaci ma'adinin Amirul Muminina a Hijaz, an sayar da shi fam miliyan 3.72 a Landan a 2011, alhali dinaran zamaninsa masu nauyi iri ɗaya, giram huɗu da kwata, ana samunsu da ɗaruruwan fam. Ƴan kalmomin da suka faɗi inda aka haƙo zinariyar, da ƙarancin irinsa, su suka kawo bambancin. Akwai ma wadda, kamar tamu, shekarar da ke jikinta ba gaskiya ba ce: dalar Amurka mai ɗauke da 1804, wadda a 1834 aka buga ta don a kai wa sarakunan gabas kyauta. Ƴan ƙalilan kawai aka sani a duniya. Wadda aka kai wa Sayyid Sa'id, Sarkin Maskat, wanda shi ne kuma mai Zanzibar ɗin da wurin nan mai araha ya fito, ta kai dalar Amurka miliyan 7.68 a 2021, domin an san hannun da ta fara shiga da yawancin waɗanda ta bi bayansa.

Misalin da ya fi kusa da mu na kwabo ne. Edward na Takwas ya hau gadon Ingila a Janairun 1936 ya sauka a Disamba, ba a kai ga fitar da kuɗi da kansa a Ingila ba sai ƴan gwaji. Ɗaya daga cikin na zinariya an sayar da shi fam miliyan ɗaya a 2020. Amma kwabo da anini masu huji na Afirka ta Yamma an buga su da sunan wannan sarki a 1936, miliyoyi, suka watsu Kano da Katsina da Jibiya har Maraɗi. Sarki ɗaya, zamani ɗaya, na can miliyan, na nan kuɗin abincin rana. Sharuɗɗan kasuwar a fili suke: ƙarancin abu, lafiyar jikinsa, da takardar da ta bi sawunsa. Dala mai kan mace ba ta da ƙaranci, kuma wadda aka huda ko aka manna wa kunne ko aka goge da toka ta faɗi a idon masu tarawa. Farashinta na azurfar da ke cikinta ne, da ɗan ƙari. Duk wanda ya zo da maganar cewa akwai Bature mai jira da miliyoyi, a kawo kuɗin rajista ko na gwaji, ɗan damfara ne. Mai ita ya auna ta, ta gaske giram 28 ce, faɗinta kusan santimita huɗu, maganaɗisu ba ya kama ta. In kuwa shekarar da ke jiki ta gaza 1780, ko dalar Sifen ce mai ginshiƙai biyu, wadda ita ma ta yi yawo a kasuwanninmu, to wannan tsohuwa ce da gaske, ta cancanci a nuna wa masani kafin a rabu da ita.

Wani zai ce, tunda haka ne a bar mai ita ya narka ko ya sayar, talaka da yunwa a gida ina ruwansa da tarihi. Maganar tana da ƙarfi, kuma ba mai hankalin da zai hana mace sayar da munduwarta ta ciyar da ƴaƴanta, don haka aka ajiye ta tun farko. Amma rubuta labarin abu ba ya hana sayar da shi. Hoton gaba da baya a waya, nauyinta, sunan zuriyar da ta gada, garin da kakar ta taso, ko a sadaki ta zo ko a gado ko a cinikin raƙumi, nawa ne a da kuma a wace shekara aka sayar da sauran, duk wannan aikin rabin sa'a ne, azurfar kuma tana nan a hannun mai ita. Hujin da ya karya mata farashi a Landan, ga mai tarihi shaida ce cewa ta bar aikin kuɗi ta koma ado, kuma masana na iya gane ma'aikatar da ta buga ta daga ƙananan bambance-bambancen zane, su san ko ta ayarin Tarabulus ta zo ko ta hanyar alhazai daga Makka da Sudan. Dala ɗari da aka san gidajensu a gundumar Dakoro za su faɗi abin da rahoton kwamandan Faransa bai faɗa ba game da dukiyar mata da hanyoyin makiyaya.

Wani kuma zai ce ai kuɗin Turawa ne, kan matar Turawa ne a jiki, ina gadonmu a ciki. Wuri ma daga tekun Indiya ya zo, bai hana shi zama ma'aunin sadaki da haraji da diyya a ƙasar Hausa ba. Austiriya ta buga dalar, amma kasuwannin Jidda da Masawa da Kukawa da Kano ne suka tilasta mata tsayawa a 1780, su ne suka ƙi karɓar wadda aka sauya. Ba kasafai ake samun abin da mai saye a Afirka ya gindaya wa masana'antar Turai sharaɗi har na tsawon ƙarni biyu ba, kuma wannan ɓangare na labarin namu ne.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne cewa bayyana abu na jawo ɓarayi, kuma Nijar ta ɗanɗana. Kufan Bura da ke yammacin ƙasar an gano shi a 1975, Boubé Gado ya jagoranci tono shi a 1983, da aka baje kolin mutum-mutumin yumɓunsa a Faransa a shekarun 1990 sai masu haƙa ta ɓarauniyar hanya suka far wa yankin, suka rusa makabartu da yawa, har a 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari. Dutsen da ya faɗo daga duniyar Mars, mai nauyin kilo kusan 25, da aka tsinta a jihar Agadas a Nuwamban 2023, an yi gwanjonsa a New York a Yulin 2025 kan dalar Amurka miliyan 5.3, sai bayan nan gwamnati ta buɗe bincike kan yadda ya fita. Amma a duba da kyau, abin da ya tafi a duka biyun shi ne wanda ba a rubuta ba kafin ya tafi. Dokar kare kayan tarihi ta 1997 tana nan, sai dai doka ba ta iya neman abin da ba wanda ya san da shi. A 2020 an sayar da wata tsabar zinariya ta Rumawa, wadda Brutus ya buga don tunawa da kisan Julius Kaisar, fam miliyan 3.24 a Landan. Da masu bincike a New York suka tabbatar takardun asalinta na jabu ne, sai aka ƙwace ta aka mayar wa Girka a 2023. Takarda ce ta ɗaga farashinta, takarda ce kuma ta dawo da ita gida. Dala kuwa haɗarinta bai kai na Bura ba, tunda ɓarawon kayan tarihi ba abin da zai samu a jikinta da ya wuce azurfa, kuma rajista ba sai ta faɗi ɗakin da aka ajiye ta ba.

Masu aikin suna nan. Gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai yana tsaye tun 1959, cibiyar tattara tarihin baka ta CELHTO ita ma a Yamai take, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana Maraɗi, ɗalibanta da yawa ƴaƴan waɗannan ƙauyuka ne, suna jin Hausa da Fulatanci da Tamashek. Matan da suka kwance azurfarsu a 1973 suna ƴan mata yanzu sun kai saba'in, waɗanda suka yi haka a 1984 sun kai sittin, kuma su ne za su iya faɗin tiya nawa ta hatsi munduwa ɗaya ta sayo, a wace kasuwa, a hannun wane irin dillali. Tsofaffin maƙera su ma sun san dala nawa ke shiga awarwaro guda, da lokacin da suka daina samunta suka koma narka wani abu. Ɗalibi ɗaya da ma'aunin giram da waya da littafi, in ya bi kasuwannin Sakabal da Dakoro da Kornaka rani guda, zai tara abin da babu shi a kundin kowane gidan gwanjo.